Sabuwar motar China ko Corolla 'yar Beljiyam? Ina neman shawarar waɗanda suka sani

Abu Hanif (U/Rimi):

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema, kuma zan so makanikai da waɗanda suka taɓa riƙe irin motocin nan su yi magana, saboda kuɗin da zan kashe ba ƙarami bane a wajena.

406 ce a hannuna shekara 9 kenan, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, kuma wlh ba ta ci amanata ba, tsufa ne kawai ya zo mata, yau ƙafa gobe esi jibi riwaya, ga shi duk Juma'a sai na je Zariya gaida Hajiya na dawo Lahadi, wani lokacin da iyali gaba ɗaya. To na yanke shawarar canzawa. Abin da na tara idan na haɗa da kuɗin 406 ɗin zai sai min Corolla 'yar Beljiyam ta wajen 2014 zuwa 2016 lakadan ba bashin kowa. A ɗaya ɓangaren kuma ƙungiyar adashen wajen aikinmu za su iya cika min in ɗauki sabuwa dal cikin ƙananan jif ɗin nan na China, irin su Changan, GAC, Geely, Jetour da Chery da suka fara yawa a titi, a riƙa cira a albashi.

Abin da ya ruɗa ni shi ne satin da ya wuce wani abokin aikina ya ba ni tasa na tuƙa, irin mai injin 1.5 turbo ɗin nan. Mun tashi daga Kawo a nan Kaduna muka miƙe har Maraban Jos muka juyo. Jama'a ban taɓa tuƙa sabuwar mota a rayuwata ba sai ranar. Kana taɓa totur ta amsa, na zo wuce tirela bayan Rigachikun ban gama shawara ba har na wuce ta, esi kuwa sai da na rage, ga kyamara ta ko'ina kana ganin motar kamar daga sama, ba ƙara ba jijjiga, sitiyari kamar auduga. Abu ɗaya da na lura da shi, da muka dawo muka shiga cunkoso wajen kasuwar Kawo sai na ji tana ɗan yin kamar tana tunani kafin ta ja, sannan ta ɗan fizga, mai ita ya ce haka giyar take.

Tun ranar zuciyata ta karkata, amma yayana ya ce kar in kuskura, wai Toyota kuɗi ne a ajiye, ta China kuwa ranar da ka fito da ita daga shago ka fara asara. To ina gaskiyar take? Kuma ina labarin Peugeot ɗin da aka ce ana haɗawa a hanyar Abuja, akwai wanda ya tuƙa? Na gode.

Oga Bakanike (Panteka):

Wa alaikumus salam Malam Abu Hanif. Shekarata 22 a ƙarƙashin mota, bari in faɗa maka abin da na sani tsakani da Allah, ba ni da motar sayarwa.

Wannan fizgar da ka ji a gosulo ba lalacewa bace. Yawancin ƙananan jif ɗin nan giyabos ɗinsu DCT ne, wato a ciki kamar giyar hannu yake, kuloci biyu gare shi, ɗaya na riƙe da giya ta 1, 3, 5, 7 ɗaya na riƙe da 2, 4, 6, kwamfuta ce take taka maka kulocin. A buɗaɗɗen titi babu kamarsa, canjinsa sauri ga rashin shan mai. Amma a cunkoso idan kana sakin birki kaɗan kaɗan tana rarrafe, to daidai yake da mai giyar hannu da ya ɗora ƙafa a rabin kuloci, zafi yake ɗauka yana cinyewa. Akwai mai jiƙe a cikin mai akwai busasshe, mai man ya fi jure zafi, don haka tambayar farko da za ka yi wa dila kenan, wanne ne a ciki. Kuma tuƙinsa sai ka canza hali, ka bar na gabanka ya ba da tazara sannan ka ja gaba ɗaya, kar ka riƙe ta da totur a kan hawa.

Sai turbo. Ƙaramin inji ne ake cusa masa iska da ƙarfi yake ba da wutar babba, shi yasa ka ji daɗin wuce tirela. Amma abincinsa bakin mai ne mai kyau, irin lambar da aka rubuta a littafin motar, ko 5W-30 ko 0W-20 ko me suka ce, ba 20W-50 ɗin da muka saba ɗurawa 406 da Golf ba. Ka zuba masa mai kauri ko jabu ko ka wuce lokacin sabis, turbo ne zai fara tafiya. Ga ƙurar hunturu tamu, filtar iska sai ana dubawa akai akai. Sannan da yawansu nozul ɗinsu kai tsaye yake fesa fetur cikin silinda da matsi mai ƙarfi, ba ya son gurɓataccen mai ko kaɗan, kowa ya tuna abin da ya faru a watan Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol da yawa motoci suka riƙa tsayawa. In ka sayi irin wannan to kai da man bumburutu kun yi hannun riga.

Ni ba na cewa motocin ba su da kyau, na buɗe su na gani, aikin ba na wasa bane. Matsalata ɗaya ce. Corolla ta tsaya maka a Jaji da ƙarfe 9 na dare, yaron gareji na bakin titi zai tayar maka da ita, kayanta kuwa ka shiga Ori Apata ko nan Panteka sabo da na Beljiyam duk akwai, har ka zaɓa. Wadda ka tuƙa ɗin nan in ta nuna wuta a dashbod wani lokacin na'urarmu ma ba ta karanta ta duka, sai ta kamfani.

Amma kar ka ɗauka Beljiyam ɗin ma lafiya lau ce. Corolla 2015 yau ta haura shekara 10 a duniya, kuma da yawan da ake kawowa daga Amurka gwanjon inshora ne, wata ta yi hatsari an buga an fesa, wata ambaliya ta shanye ta, wannan ita ce mafi sharri don wayoyinta a hankali suke ruɓewa sai bayan wata 6 ta fara haukan wuta. Mita kuma ana mayar da ita baya. In za ka saya ka ɗauki lambar shasi, guda 17 ce haruffa da lambobi, a duba maka tarihinta a intanet, sau da yawa har hoton ranar gwanjon za ka gani. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko ƙarfen ya yi tsatsa, ka tabbatar balan-balan ɗin sitiyari na nan ba fanko bane, a duba ko ba a fafe katalis ɗin salansa ba, sannan takardun kwastan su zama na gaske. Kuma ka sani daga 2014 yawancin Corollar Amurka irin su samfurin LE giyar CVT gare su, wato otomatik mai bel da ba ta da matakan giya irin na da, man giyarta daban ne, duk wanda ya zuba mata man giya na ATF na tsohuwar Corolla ya kashe ta. Injin dai 2ZR ne 1.8, wannan kam ba shi da magana. Roƙona ɗaya kar ka bari wani ya cire maka tamostat ya haɗa fanka dairek wai don ƙasarmu da zafi, kuma lagireto kulan ake zubawa ba ruwan rijiya ba.

In ni ne kai, mai albashi mai zuwa Zariya duk sati, Corolla zan ɗauka in kwana ba bashi.

Baba na Kakuri:

Salamu alaikum. Ɗana Abu Hanif, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya san mota. Jikana ne yake rubuta min ina faɗa.

Na yi aiki a kamfanin Fijo na Kakuri tun ina saurayi har na yi ritaya, ɓangaren fenti na fara daga baya aka mayar da ni layin haɗawa. An buɗe wajen a 1975 zamanin Janar Gowon. Ku yaran yanzu ba za ku gane yadda Kakuri take ba a lokacin, ga masaƙu ga Fijo, in aka tashi aiki titi ba masaka tsinke. Mota tana shigowa a akwatuna gunduwa gunduwa ta fita da ƙafarta, kuma ba komai ake kawowa daga Faransa ba, akwai abubuwan da a nan ƙasar ake yi. Ba mu kaɗai bane, Volkswagen na Legas, Steyr na Bauchi, Fiat na Kano suna manyan motoci, Leyland na Ibadan, Marsandi na Inugu. Ma'aikacin gwamnati matsakaici yana karɓar bashin mota ya sayi 504 sabuwa a leda. Ita 504 ɗin nan ita ta ci kyautar motar shekara a Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, kuma mun ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, saboda ta dace da hanyarmu.

Abin da ya karya mu, darajar naira ta faɗi daga 1986 zamanin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka buɗe ƙofa kwancen Turai ya cika ƙasa, gwamnati kanta da take sayen namu ta koma sayen na waje. Ina ji ina gani abokan aikina aka riƙa sallama.

Shi yasa maganar Oga Bakanike, duk da gaskiya ya faɗa, tana min ciwo. An kai matsayin da mutum mai aiki mai rufin asiri babban burinsa motar da wani ya hau shekara 10 ya yar. Kuma zancen babu kayan gyara, na ji shi da kunnena a kan motocin Japan. Lokacin da Datsun da Toyota suka fara shigowa cewa ake gwangwani ne, ba mai gyara, ba za su kai Kano ba. Yau ga shi su ake kira kuɗi a ajiye. Babur ma haka, da Jincheng ya zo dariya aka yi masa masu Suzuki da Yamaha suna taɓe baki, cikin 'yan shekaru kayansa har ƙauye. Ɗan kasuwa ba ya kawo kayan motar da babu ita a titi, sai an saya kayan suke biyowa.

Game da tambayarka, eh akwai sabon wajen haɗa Peugeot a hanyar Abuja, na haɗin gwiwar Dangote, sun fara a 2022 da 301, kuma akwai su 3008 da 5008 da a-kori-kura Landtrek a jerinsu. Wancan daban yake da namu na Kakuri. Ban tuƙa jif ɗin ba, amma 301 na shiga, mota ce mara hayaniya da aka yi ta don ƙasashe irin namu, but ɗinta babba. Kai da hannunka ya saba da 406 ka je ka gani da idonka kafin ka yanke, ka ji farashi, ko ba ka saya ba ka san ka duba ta gida.

Maman Ilham (Barnawa):

Malam ni ina da irin motar da kake magana, shekara 2 da wata 4 kenan, ba zan faɗi kamfanin ba don kar ya zama talla ko ɓatanci. Zan gaya maka daɗin da wahalar.

Daɗin shi ne tun da na saya ban taɓa tsayawa a hanya ba, ko sau ɗaya. Kafin ita Beljiyam na riƙe guda biyu kuma duk wata sai na ware kuɗin gareji, ga zaman jiran bakanike ga a ce an gyara gobe abu ya dawo, mace ita kaɗai da yara a mota wannan kwanciyar hankalin ba ƙaramin abu bane wlh. Mai kuma tana sha daidai misali in dai ba ka matsa mata ba, in ka matsa turbo ya buɗe to allura za ta sauka kana kallo.

Wahalar kuma, bara da damina wani mai Keke ya goge ni ta gaba, fitila ɗaya ta fashe bamba ya tsage. Sati 7 motar tana ajiye ana jiran fitila. Na aika Ori Apata babu, Kano babu, sai da aka yi oda, kuma kuɗin fitilar guda ɗaya sai da na riƙe baki saboda irin mai LED ɗin nan ce a haɗe take ba a canza ƙwai. Da Corolla ce da yamma na ɗau motata. Na biyu garanti, yana da sharaɗi, dole sabis a wajensu ko wanda suka amince da shi kuma a kan lokaci, ni Abuja nake kai ta, ka lissafa man zuwa da dawowa da yinin da za ka kashe. Ka kai ta wani gareji aka taɓa waya to sun samu hanyar zamewa. Na uku tayoyin, rim babba taya siririya, kyau a ido amma ramin da 406 za ta taka ta wuce ni sai da ya kumbura min taya biyu.

Don haka shawarata in zuciyarka na kan sabuwa, kafin ka sa hannu ka tambaye su a rubuce: ina wajen sabis mafi kusa da Kaduna, garantin shekara nawa ko kilomita nawa kuma me da me ya ƙunsa, sannan ka ce su nuna maka fitila da bamba da gilashin gaba da birki a sito, da idonka ba a waya ba. Kuma ka yi cikakken inshora ba na dubu goma sha biyar ɗin nan na nuna wa jami'ai ba. Maganar yayanka ta sayarwa kuma gaskiya ce, na gwada jin farashi wajen dillalai abin da suka taya ya ba ni mamaki, su kansu tsoronta suke. Ni dai na saya ne in hau har ta tsufa shi yasa abin bai dame ni ba, amma in kai mai canza mota ne bayan shekara 3 ka yi tunani.

Baba na Kakuri Allah ya ƙara girma, maganarka ta taɓa ni, sai dai mu da muka fara saya mu ne muke biyan kuɗin jiran.

Direban Kawo:

Yallaɓai duk an yi magana ba a taɓo mai ba, alhali tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi shi ne yake cin albashin mutane ba gyara ba. Ni lodin Kano nake yi kuma na mayar da motata CNG, wato mai amfani da iskar gas, bambancin abin da nake kashewa a rana ba kaɗan bane. Inda zancen ya shafe ka, injin Corolla irin wanda Oga ya faɗa yana karɓar gas cikin sauƙi, amma mai turbo mai fesa fetur kai tsaye juya shi sai ƙwararru da kit na musamman, kuma kana taɓawa garanti ya tashi. Illar gas ɗin tukunyar tana cinye rabin but, tana ƙara nauyi a baya, ja yana ɗan raguwa, gidajen sayarwa kuma ba su wadata ba sai ka yi layi, muna dai fatan in bututun AKK da ya taso daga Ajaokuta ya biyo ta Kaduna zuwa Kano ya fara aiki abin ya yi sauƙi. Don girman Allah duk mai juyawa ya je wajen da aka tantance, matsin CNG bar 200 ne, ba tukunyar gas ɗin girki bace ba kuma aikin mai walda bane, a Benin a 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas saboda tukunyar ƙirar hannu aka sa mata.

Sannan gwajin da ka yi Kawo zuwa Maraban Jos ku biyu a mota ai kowace sabuwa za ta burge ka. Ka cika ta da mutum 5 da kaya a but, da rana tsaka esi a kunne, ka kashe rediyo, ka bi da ita bypass ta wajen Kurmin Mashi cikin tireloli, ka shiga layukan Rigasa ka hau bam ka ji ko cikinta na taɓawa. Corollar ma haka za ka yi mata, kuma ita ka je da sassafe kai za ka fara tayar da ita injin na sanyi, kar ka yarda ka tarar an ɗumama maka.

Abu Hanif (U/Rimi):

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta kowanne sau biyu. Hajiya Maman Ilham sati 7 ɗin nan ya tsaya min a rai, don ni mota ɗaya ce a gidan kuma Hajiyarmu tana da asibiti duk wata a Shika, ba zan iya ajiye mota ina jiran fitila ga kuma ana cirar bashi a albashi ba. Baba na gode da addu'a, in sha Allah ranar Laraba zan je in ga 301 ɗin in ji farashi da maganar sabis, in ya zo kusa da abin da zan iya zan dawo in faɗa muku yadda na ji ta a hanya.

Oga Bakanike akwai guda biyu da na gani a wajen wani dila, ɗaya 2015 LE fara ɗaya 2013 mai tsohon bodi, ya ce ta 2013 ɗin giyarta ba CVT bace irin ta da ce mai giya 4. Na karɓi lambar shasin duka biyun yau da daddare za a duba min. Tambayata, ga mai niyyar sa gas nan gaba kuma mai yawan hawa hanyar Zariya wacce za ka fi ba ni shawara a cikinsu? Kuma in ba damuwa ranar Asabar da safe zan so ka raka ni da na'urarka mu tayar da su tare, zan turo maka saƙo ta akwati mu yi maganar kuɗin aikinka.